In ajiye aiki in kama sana'ata? Amsoshin tambayoyinku

Wasiƙu huɗu na zaɓo wannan karon, kuma duk jijiyarsu ɗaya: ko dai albashi na hannu zuciya na wani waje, ko zuciya ta samu wurin zama aljihu bai samu ba. Na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda masu su suka roƙa.

Tambaya: Malam, shekarata 38, ina da mata da 'ya'ya uku. Shekara 11 ke nan ina aiki a wani kamfani, albashin yana rufa mana asiri. Amma duk daren da na tuna gobe akwai ofis sai gabana ya faɗi. Na iya haɗa wutar sola, na yi wa 'yan uwa da abokai sun yaba. Ina da ajiyar da za ta riƙe gida wata 4. Abokina ya ce in ajiye aikin in bi abin da raina ke so. Uwargida kuwa da na gaya mata ba ta ce uffan ba. In ajiye?

Amsa: Ɗan uwa, kada ka ajiye yanzu. Ban ce ka mutu a kan kujerar nan ba, amma wata huɗu ba su isa ba, kuma akwai abin da ba ka gwada ba tukuna.

Abu biyu ka ɗaure a ƙulli ɗaya: ciwon da ofis ke sa maka, da son aikin sola. Kwance su. Da gobe za a canza maka shugaba, ko wani kamfani ya ɗauke ka da albashi iri ɗaya, har yanzu za ka so hawa rufin mutane cikin rana kana ɗaura faranti? In amsar ta fito da sauri, sana'ar ce ke kiranka. In ka yi jim, to ofis ne ke korarka, kuma maganin wannan wani wurin aikin ne.

Sai batun yabon 'yan uwa. Wanda aka yi wa aiki kyauta ko a kan rabin kuɗi dole ya yaba. Shaidar da nake so ka samo ita ce ta bare: mutumin da bai san ka ba, ya ji farashinka, ya zaro kuɗi ya biya, bayan wata biyu ya turo maka maƙwabcinsa. In ka samu irinsa goma, ka fara sanin me kake riƙe da shi.

Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta daɗe tana bin diddigin sababbin kasuwanci. Kusan 1 cikin 5 ba ya cika shekara guda, kusan rabi kuma ba sa kai shekara 5. A 2014 wasu masana biyu, Joseph Raffiee da Jie Feng, suka wallafa binciken da ya bi dubban Amurkawa da suka kama kasuwanci, suka gano cewa waɗanda suka fara alhali suna riƙe da aikinsu, sannan daga baya suka koma gaba ɗaya, haɗarin durƙushewarsu ya yi ƙasa da na waɗanda suka yi tsalle kai tsaye da kashi 33 cikin 100. Dalilin a bayyane yake: albashi ya ba su damar yin kuskure da arha. Phil Knight ya fara sayar da takalman gudu daga bayan motarsa a 1964, amma ya ci gaba da aikin akanta da koyarwa har 1969, kafin kamfanin ya zama Nike. Steve Wozniak ma ya yi watanni yana injiniya a Hewlett-Packard bayan kafa Apple a 1976. Ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari ya haɗu.

Ni na taɓa ajiye aiki da ajiyar da na lissafa ta wata shida. A wata na huɗu ta ƙare. Na lissafa abinci da haya da kuɗin makaranta, ban lissafa daren da yaro ya kwana a asibiti ba, ban lissafa mai aikin da ya karɓi kayansa ya ce in jira ƙarshen wata ba. Ina tuna ƙarshen watan farko, ina zaune ina ta duba waya, alhali na san babu saƙon bankin da zai shigo. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne a wata na biyar na karɓi wani aiki a kan farashin da na san babu riba a ciki, don kawai in ga kuɗi a hannu. Wanda aljihunsa ya bushe ba ya iya ciniki, duk abin da aka taya sai ya sallama.

Saboda haka ka samu littafi. Wata uku kana rubuta duk abin da gida ya ci, har na kati da na sabulu, domin lissafin da ke ka kusan kullum ya gaza na gaskiya. Ka riƙa karɓar aikin sola a ranakun hutu da cikakken farashi, kana cire kuɗin kaya, na mota da na yaron da ke taya ka kafin ka kira saura riba. Ma'aunina shi ne ajiyar gida ta wata 9 zuwa 12 wadda ba ta cikin jari, da kuma ribar da ta riƙa biyan aƙalla rabin hidimar gida wata shida a jere. Ka kuma karanta takardar ɗaukarka aiki ka ga me ta ce game da sana'ar gefe. Kada ka taɓa lokacin kamfani ko kayansa ko kwastomominsa. Ranar da za ka tafi, ka fita ta ƙofar da za ka iya dawowa ka yi sallama.

Abokinka bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Masanin tattalin arziki Steven Levitt na Jami'ar Chicago ya taɓa sa mutanen da suka rasa tudun dafawa a kan manyan shawarwari, ciki har da barin aiki, a jefa musu kwabo ya yanke musu ko su yi canjin ko su zauna yadda suke, aka jefa sama da sau 20,000. Waɗanda suka yi canjin sun fi bayyana farin ciki bayan wata shida. Mutane da yawa suna daɗewa a inda ya kamata su bari. Sai dai wata shida aka auna, kai kuwa kana da yaran da za ka ciyar shekara ashirin.

Shirun uwargida magana ce. Ita ma za ta ɗauki wannan nauyi, wataƙila fiye da kai, domin ita yara za su fara tambaya. Ka zaunar da ita da littafin nan a buɗe, ku yanka iyaka tare: in an kai wata kaza ciniki bai kai kaza ba, za ka koma neman aiki ba tare da jayayya ba. In kuma faɗuwar gaban ta kai ga hana ka barci ko cin abinci, ka ga likita tun yanzu, kada ka jira sana'a ta warkar da kai.

Tambaya: Shekarata 27. Ina koya wa yara darasi, harkar tawa ce ta kaina, ina jin daɗinta, amma abin da nake samu da ƙyar yake isata. An ba ni aiki a wani kamfani da albashin da ya ninka shi biyu. Kullum ina jin ana cewa kuɗi ba ya sayen farin ciki. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙanwata, rabin gaskiya ce, kuma rabin da ake tsallakewa shi ya shafe ki.

Maganar ta yi ƙarfi bayan 2010, lokacin da Daniel Kahneman da Angus Deaton, dukansu masu lambar Nobel a tattalin arziki, suka duba amsoshi sama da 450,000 na Amurkawa. Suka ce jin daɗin yau da kullum yana ƙaruwa da samu har zuwa kusan dala 75,000 a shekara, daga nan sai ya tsaya. A 2021 Matthew Killingsworth, wanda ya riƙa tambayar mutane ta waya yadda suke ji a daidai lokacin, ya ce shi bai ga inda ya tsaya ba. Abin da ya burge ni shi ne ba su tsaya jifan juna ba. Kahneman da Killingsworth suka zauna tare da Barbara Mellers suka sake duba alƙaluman, a 2023 suka fitar da matsaya: ga yawancin mutane jin daɗi na ci gaba da hawa da samu, amma ga kusan kashi 20 cikin 100 da suka fi kowa damuwa, yana tsayawa wajen dala 100,000. Bayan wannan mataki, baƙin ciki irin na rashi ko karayar zuciya, ƙarin albashi ba ya rage shi.

Ki lura da abu ɗaya: babu cikinsu wanda ya ce kuɗi ba ya amfanar mai ƙaramin samu. A nan ne ma ɗan ƙari ya fi tasiri, domin abin da yake saya shi ne barci ba tare da tunanin mai gidan haya ba.

Ga ɗaya ɓangaren kuma. Masanin tattalin arziki Barton Hamilton ya nuna a 2000 cewa matsakaicin mai sana'ar kansa a Amurka, bayan shekara 10, yana samun ƙasa da abin da zai samu a aikin albashi da kusan kashi 35 cikin 100, amma duk da haka yana zaune. Matthias Benz da Bruno Frey sun duba Jamus, Birtaniya da Suwizalan suka ga masu zaman kansu sun fi gamsuwa da aikinsu, kuma sirrin shi ne su ke yanke yadda za su yi da lokacin da za su yi. Cin gashin kai yana da daɗi, yana kuma da farashi, ke yanzu kina biyansa.

Kalmar "da ƙyar" a wasiƙarki na riƙe. In zazzaɓin mako guda zai iya jefa ki cin bashi, ki karɓi aikin. Ki riƙe ɗalibai biyu ko uku a ƙarshen mako don kada hannu ya mutu, sunanki kuma ya ɓace. Kafin ki sa hannu ki tambayi ƙarfe nawa ake tashi da gaske, ki kuma lissafa awannin hanya. Babban tarkon shi ne albashi ya ninka, kashewa ma ta ninka, bayan shekara biyu ki ga ba ki iya fita. Ki ci gaba da rayuwa kusan yadda kike, rarar ki ware ta ranar da aka biya. Da ita za ki dawo koyarwa da ƙafarki a ƙasa in kin so.

Tambaya: An rage ma'aikata a wurinmu, an ba ni kuɗin sallama. Na iya ɗinki. In sayi sabon babban keke da injin aikin ado in kama shago na shekara, wanda zai cinye kusan duka kuɗin, ko in sayi keke na hannu in fara a gida?

Amsa: Malama, Allah ya musanya da mafi alheri. Ki sayi na hannu, ki fara a gida.

Haya ba ta san an yi ciniki ko ba a yi ba. Sana'o'i da yawa masu kyawun aiki suna mutuwa ne don kuɗin juyawa ya ƙare: ga keke sabo fil, ga shago, amma babu na zare da yadi, masu kaya kuma ba su zo sun biya ba. Ki raba kuɗin uku: na gida, na kayan aiki, da na juyawa, kuma kada ɗaya ya ranci ɗaya.

Ranar sayen keken ki tafi da mai gyara wanda ba abokin mai sayarwa ba. Ki riƙe ƙyalle mai kauri da mai santsi, ki ninka mai kaurin huɗu ki bi ta kansa, ki juya ki duba ɗinkin ƙasa ko yana tsallake ko yana tara zare. Ki bar shi yana gudu na ɗan lokaci ki saurari ƙararsa, ki taɓa motar ki ji ko ta yi zafi. Ki zaɓi samfurin da kayan gyaransa ke samuwa cikin sauƙi, ko da wani ya fi shi ƙyalli.

Injin ado ki bar shi tukuna. Ki riƙa kai wa mai shi kina biya, kina rubuta abin da kike kashewa duk wata. Littafin zai gaya miki ranar da sayensa ya fi arha. Haka shago: sai kin fara mayar da aiki don rashin wuri. Kuma kada almakashi ya taɓa yadin kowa sai ya ba da rabin kuɗi.

Tambaya: Shekarata 47, shekara 20 ina harkar jigilar kaya a ƙarƙashin wasu. Ina son buɗe nawa. Ban makara ba?

Amsa: Yallaɓai, ba ka makara ba. Masanin tattalin arziki Pierre Azoulay da abokan aikinsa sun duba mutum miliyan 2.7 da suka kafa kamfanoni a Amurka, suka ga matsakaicin shekarun waɗanda kamfanoninsu suka fi saurin bunƙasa 45 ne, kuma wanda ya buɗe a fannin da ya daɗe yana aiki ya fi samun nasara. Shekara 20 ɗin nan jari ne: ka san inda kaya ke ɓata, ka san direban da ke cika alkawari.

Abin da shekaru suka rage maka shi ne lokacin farfaɗowa in an faɗi. Don haka kada kuɗin fansho ko takardar gida su shiga wannan harka. Ka fara da hayar mota a kan kowace tafiya kafin ka sayi taka. Ka sake rubuto mini ka gaya mini masu kaya nawa ne, waɗanda ba na kamfaninku ba, suka yarda su ba ka lodin farko, sai mu yi lissafin motar tare.