Hukuncin Karanta Hikimomin Wasu Addinai da Shiga Zaman Natsuwarsu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Indiya. Wani abokin karatuna mabiyin addinin Buda ya ba ni littafin zantukan malamansu a kan gudun duniya da danne fushi, kuma yana gayyatata wani zama da suke yi su rufe ido suna bin numfashinsu. Na ga maganganun sun yi kama da na sufayenmu. Shin ya halatta in karanta, in kuma je zaman?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka aikata.

Game da karatun, gaskiya ba ta zama ƙarya saboda bakin da ta fito. Bukhari ya ruwaito cewa Abu Huraira yana gadin abincin zakkar Ramadan sai ya kama wani yana ɗiba har dare uku, a na ukun ɓarawon ya koya masa karanta Ayatul Kursiyyu in zai kwanta, Annabi (SAW) ya ce ya faɗa masa gaskiya alhali shi babban maƙaryaci ne, domin Shaiɗan ne. Hadisin da ya shahara cewa hikima ɓataccen kayan mumini ce kuwa, Tirmizi ya kawo shi amma isnadinsa mai rauni ne, don haka ban gina hukunci a kansa ba. Malamanmu sun daɗe da nazarin waɗannan al'ummu: Al-Biruni ya koyi Sanskirit, tsohon harshen Indiya, ya fassara littafin malamin Hindu Patanjali a kan yoga, wato horon jiki da numfashi da zuciya, zuwa Larabci, ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030. Alƙur'ani ma, a Ma'ida aya ta 82, ya ambaci cewa a cikin Nasara akwai malamai da ruhubanawa waɗanda ba sa girman kai. Saboda haka karatun ya halatta ga wanda ya san aƙidarsa har yana iya rarrabe tsaki da tsakuwa; wanda bai kai nan ba, ya ajiye littafin tukuna.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne kamannin da ka gani. Sufi yana wofintar da zuciyarsa ne domin ya cika ta da ambaton Allah, yana bawa, Allah yana Ubangiji, kamar yadda Annabi (SAW) ya siffanta ihsani a hadisin Jibrilu: ka bauta wa Allah kamar kana ganinSa. Addinin Buda kuwa bai ginu a kan imani da Mahalicci ba, manufarsa kuɓuta daga sake haihuwar mutum bayan kowace mutuwa, kuma yana kore samuwar rai mai dawwama. Shirun iri ɗaya ne a ido, amma alƙiblar ta bambanta, shi ya sa da'awar cewa duk addinai hanyoyi ne zuwa wuri guda ba karɓaɓɓiya ba ce, aya ta 19 a Ali Imrana, wadda ta ce addini a wurin Allah shi ne Musulunci, ta yanke wannan magana.

Zaman kuwa, idan ka shiga ɗakin ka tarar da mutum-mutumin Buda, an kunna turare a gabansa, ana sunkuya masa ko ana rera kalmomin neman mafaka gare shi, to wannan ibada ce, kuma haramun ne ka shiga cikinta ko da zuciyarka ba ta yarda ba. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda irin wannan cakuɗuwa. Amma ka zauna a ɗakinka ka daidaita numfashi domin rage damuwa, kamar yadda likita zai umarce ka, babu rera komai, wannan magani ne, kuma asalin magani halas ne, muddin ba ka ɗauke shi hanyar kusantar Allah ba.

Ka mayar wa abokinka amsa cikin ladabi, zumuncinku ya ci gaba. Idan natsuwa kake nema, ka zauna a kan dardumarka bayan sallar Asuba kana zikiri har rana ta fito, kamar yadda Muslim ya ruwaito Annabi (SAW) yana zama a wurin sallarsa, ka riƙa tunani cikin halittar sammai da ƙasa kamar yadda ƙarshen Ali Imrana ya yaba.

Allah ne Mafi sani.