Tambaya da Amsa: Zanen Birtaniya na Shekarun 1950 a Kan Gilashin Roba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga ana tallar wasu hotunan bango masu ƙyalli, an ce kwafi ne na ayyukan masu zanen Birtaniya na tsakiyar ƙarnin da ya wuce, waɗanda aka buga a kan akirilik. Babu mutum ko gida ko bishiya a cikinsu, sai launuka da layuka, amma sun kwanta mini a rai. Su wane ne suka zana su, kuma kwafin yana kusa da na asali har ya cancanci kuɗinsa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Da yawa daga cikin waɗannan zane-zane tushensu wani ƙaramin garin masunta ne mai suna St Ives, a yankin Cornwall da ke kudu maso yammacin Ingila. A 1939, daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ke shirin ɓarkewa, mai zane Ben Nicholson da matarsa mai sassaƙa Barbara Hepworth suka bar Landan suka koma kusa da garin, kuma a lokacin yaƙin da bayansa sai wasu matasan masu zane suka taru a can, cikinsu har da Terry Frost da Patrick Heron da Wilhelmina Barns-Graham, tare da Peter Lanyon wanda shi ɗan asalin garin ne.

Ko da yake ba ki ga gida ko bishiya ba, ba haka kawai suka watsa fenti ba. Frost, wanda ya rungumi zane sosai lokacin da yake fursunan yaƙi a Jamus, ya ɗauko siffar rabin da'ira da ta yawaita a ayyukansa daga ƙananan jiragen ruwa da ke lilo a bakin tashar garin. Lanyon kuwa ya fara tuƙa jirgin sama marar inji a 1959 domin ya ga ƙasa da teku daga sama, ya kuma ji yadda iska ke ɗaga mutum, abin da ya haifar da zanensa mai suna Thermal a 1960. Hatsarin irin wannan jirgi ne ya yi ajalinsa a 1964. Shi ma Heron, lambun gidansa da ke ƙauyen Zennor kusa da St Ives ne ya sa shi zana Azalea Garden a 1956.

Akirilik ɗin da ake nufi faranti ne na roba mai kama da gilashi, wanda kamfanin ICI na Birtaniya ya fito da shi da sunan Perspex a shekarun 1930, kuma nauyinsa kusan rabin na gilashi ne. Hanya biyu ake bi wajen yin kwafin. Ko dai na'ura ta fesa tawada kai tsaye a bayan farantin, ko a buga hoton a takarda mai inganci sannan a manna fuskarta a jikinsa. Hanya ta biyu ta fi tsada, amma ta fi fito da ƙananan bambance-bambancen launi. A duka biyun, haske yana ratsa robar kafin ya iso ga launin, shi ya sa ja da shuɗi suke fitowa rangaɗau kamar an jiƙa su da ruwa.

A nan ne nake so ki tsaya ki yi nazari, domin yawancin waɗannan mutane da fentin mai suka yi aiki, kuma rabin abin da suke faɗa yana cikin jikin fentin ne. Wanda ya tsaya dab da zanen Lanyon zai ga inda burushi ya ja fenti mai kauri ya bar tudu, da inda aka kankare shi har launin ƙasa ya leƙo, da inda hannu ya yi sauri fentin ya yanke kafin ya kai ƙarshen layi. Nicholson ma ya wuce nan, domin akwai ayyukansa da sassaƙa katako ya yi ya shafa musu farin fenti, ta yadda inuwar da ke faɗawa cikin ramin ita ce zanen, tana kuma sauyawa da juyawar rana. Idan aka ɗauki hoton wannan aka manna a bayan roba mai santsi, inuwar ta daskare ke nan a wuri guda har abada. A ganina, kwafin irin waɗannan ayyuka a kan akirilik asarar kuɗi ne, kuma takarda marar ƙyalli a cikin firam ta fi yi musu adalci. Girma ma abin dubawa ne, domin Thermal ya fi yawancin mutane tsawo, kuma wanda aka ƙanƙance zuwa santimita 40 ba zai mamaye ido yadda mai shi ya nufa ba.

Amma akwai waɗanda robar ke karɓa. Ayyukan Heron na ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970, inda manyan filayen launi ke gogar juna, da zane-zanen Frost na ƙarshen rayuwarsa masu ja da baƙi da fari, ƙarfinsu a launi yake, don haka ba sa rasa abu mai yawa. Robar ma ba baƙuwa ba ce a wancan zamanin, tun da mai zane ɗan Birtaniya Victor Pasmore ya yi amfani da Perspex a ayyukansa na shekarun 1950. Idan za ki saya, ta wannan ɓangaren ki nema.

Sai batun haƙƙin mallaka, wanda masu talla ba su cika ambata ba. A dokar Birtaniya, haƙƙin mai zane yana nan har shekara 70 bayan mutuwarsa. Nicholson ya rasu a 1982, Heron a 1999, Frost a 2003, saboda haka har yanzu ayyukansu suna hannun magadansu, kuma ko na Lanyon ba zai fita ba sai ƙarshen 2034. Ki tambayi mai sayarwa ko yana da izini daga magada ko daga DACS, ƙungiyar da ke kula da haƙƙin masu zane da dama a can. Kwafin da ba shi da izini sau da yawa daga ƙaramin hoton intanet ake faɗaɗa shi, sai ki ga gefen layuka ya yi dishi-dishi, launin kuma ya kauce daga na asali. Akwai kuma waɗanda ake rubuta cewa an yi su ne da salon St Ives, waɗannan sababbin ayyuka ne na wasu, ba laifi a saye su muddin kin san abin da kike biya wa.

Idan ya iso hannunki, kada ki rataye shi yana fuskantar taga ko fitila, domin ƙyallin zai mayar da shi madubi. Robar tana saurin karcewa, don haka ki riƙa goge ta da ƙyalle mai laushi da ɗan ruwa kawai, ban da ruwan goge gilashi, saboda sinadaran da ke cikinsa kan dusar da ita, wani lokaci har su jawo mata ƙananan tsage-tsage da ba sa gyaruwa.