Ruwan akwatin kifi yana dagulewa, kuɗi kuma babu yawa

Malam, ka ce ruwan akwatin gilashin kifinka mai lita 60 yana dagulewa, kuma babbar matatar ruwa (na'urar tace ruwan akwatin) ta fi ƙarfin aljihunka. Ni dai ban ga dalilin sayenta ba. Nemi matatar soso da ɗan injin hura iska. Araha ce, wuta kaɗan take ci, kuma akwai injin mai batir da zai riƙe maka idan an ɗauke wuta.

Ainihin aikin ma ba soson ke yi ba. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikinsa su ke juya amoniya, wato dattin da kifi ke fitarwa mai cutar da su, zuwa sinadarin nitrite, daga nan zuwa sinadarin nitrate mai ƙarancin illa. Shi ya sa kada ka cire tsohuwar matatarka rana ɗaya. Bar su tare kamar mako 4 har ƙwayoyin su kama sabon soson. Wajen wanki kuwa, matse shi cikin ruwan da ka ɗebo daga akwatin, don kulorin na ruwan famfo kashe su yake yi.

Canja kashi 25 cikin ɗari na ruwan duk mako, ka kuma rage wa kifayen abinci. Ina zargin kana cika musu, abin da ba su cinye ba shi ke ruɓewa a ƙasa.