Bin hanyar tsauni da ciyawa ta cinye

Ka tambayi yadda ake bin hanyar tsauni da ciyayi suka rufe, ga jaka a baya. Fara rage buri: inda kake cin kilomita 4 a awa, nan da ƙyar ka ci 2.

Ƙafarka ta fi idonka sanin hanyar. Ƙasar tsohuwar turba a daddaɓe take, ta ɗan lotsa, kana jin ta ko ganye ya lulluɓe ta. Reshen da aka yanke da zarto alamar mutum ce, turbar dabbobi ba ta da shi. In hanya ta ɓace, kada ka ci gaba bisa zato, koma inda ka tabbatar da ita.

Komai ya shiga cikin jaka, ƙaya na fizge abin da ke lilo. Cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska. Sauke taswira a waya tun akwai sabis.