Tsimi ne ko tsumulmula?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tunda hatsi ya yi tsada nake auna komai da gwangwani kafin in ɗora tukunya, in gama in kulle sito. Uwar mijina ta ce ina da tsumulmula, ni kuwa a ganina tsimi nake yi. Ina bambancinsu?
Daga wata mai karatu, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tsimi yabo ne, shi ya sa ake jera shi da tanadi, a ce tsimi da tanadi. Wato lallaɓa abin da ke hannu don ya kai gobe. Kakata a Daura haka take. Da kaka za ta sa a cika rumbu da damman gero a liƙe, ba mai taɓa shi sai bazara ta yi nisa, lokacin da tiya ta yi tsada a kasuwar Mai'aduwa. In an matsa mata sai ta ce ajiya maganin wata rana. Amma ban taɓa ganin almajiri ya tsaya a zaurenta da magariba ya koma da ƙoƙo wayam ba.

Tsumulmula kuwa zargi ce. Mai ita yana bayarwa, sai dai ɗan mitsitsi, yana yi yana ƙirga: ƙwayar daddawa ɗaya a miyar mutum goma, man gyaɗa a murfin kwalba. Ba ta kai rowa ba, don marowaci hanawa yake ƙiri-ƙiri alhali yana da shi. Duba yadda muke faɗa: "ya yi mini rowar goro." Rowa sai da wanda aka yi wa. Mai maƙo ya fi su duka ban tausayi a wurina, domin har kansa yake hanawa. Irinsa ake ce wa mai hannun jarirai. Aya ta 29 a Suratul Isra'i ma da hannun ta yi misali, kada a ƙuƙunce shi a wuya, kada kuma a shimfiɗa shi gaba ɗaya.

Awo da gwangwani ba laifi ba ne, 'yar'uwa, kuma ina tare da ke a kansa. Sai dai ki duba akushi bayan an ci. In yara sun ƙoshi har an samu na ɗumame, tsimi kike yi. In suna tsame hannu suna kallon tukunya, to Inna ta ga wani abu. Mabuɗin siton nan kuma ina jin shi ya fi sosa mata rai, ki riƙa ajiye shi inda ta sani.