Iri ma yana da nasa takardun: amsa ga ɗalibin da ke nazarin wake a Amurka

Wasiƙar da zan amsa yau ta fito ne daga wani ɗan'uwa ɗan asalin jihar Jigawa, malami a wata jami'a ta gida, wanda aka ba shi hutun ƙaro ilimi, yanzu yana shekararsa ta ƙarshe ta digiri na uku a Amurka, a fannin inganta irin shuka. Ga taƙaitaccen abin da ya rubuto:

"Ranka ya daɗe, a cikin aikina na samu wasu nau'o'in wake na gwaji da ke nuna da wuri ƙwarai, kuma ina so in ɗebi kaɗan in kai wa mahaifina idan na je gida, domin damina ta fara yi musu gardama. Haka kuma mahaifiyata ta aiko mini da waken kanannado ta hannun wani matafiyi, ina tunanin in shuka shi a ɗakin rainon tsirrai na jami'a in haɗa shi aure da nawa. Sannan an yi mini tayin aikin bincike na shekara biyu a nan, alhali na sa hannu a kan yarjejeniyar komawa jami'armu da zarar na gama. Ina neman shawara."

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya, domin ba kowane ɗa ne zai tsaya a gonar gwaji a ƙasar wasu, zuciyarsa tana kan gonar mahaifinsa ba. Sai dai abubuwa biyu na farko da ka ambata, in ka aikata su yadda ka tsara, suna iya jawo maka asarar karatun da ka sha wahala a kansa, kuma mai yiwuwa mahaifin naka ma bai amfana da komai ba.

Mu fara da mallaka. Waken da ke cikin ambulan ɗin da ka rubuta wa lamba da hannunka ba naka ba ne, ko da kai ka yi barbarar furen, kai ka yi roro, kai ka ɓare. A ƙa'idar jami'o'in Amurka, abin da aka samar da kuɗin bincike da kayan aikin jami'a mallakar jami'ar ne, wani lokaci har da hakkin wanda ya ba da kuɗin, kuma ba ya fita sai da rubutacciyar yarjejeniyar miƙa kayan bincike wadda ofishin da abin ya shafa ya sa wa hannu. Malamin da ke duba aikinka ma, ko ya ce maka da baki "ɗebi ka tafi", wannan magana ba za ta tsaya maka a gaban kwamitin ladabtarwa ba. Hukumomin ƙasar ba sa ɗaukar fitar da iri da wasa: a 2016 wata kotu a jihar Iowa ta yanke wa wani ɗan asalin ƙasar Sin ɗaurin shekara uku saboda haɗa baki wajen sace irin masara na kamfanoni don kai shi gida. Na san niyyarka ba irin tasa ba ce, amma ɗalibin da ke zaune da biza ba ya buƙatar a kai shi kotu kafin ya tagayyara. Jami'a ta kore shi kawai, izinin zamansa ya faɗi tare da karatun.

Ko da jami'ar ta yarda, akwai ƙofa ta biyu a gida. Shigo da iri Najeriya yana buƙatar izini daga hukumar killace kayan gona ta NAQS tun kafin kayan su taso, tare da takardar shaidar lafiyar tsirrai daga ƙasar da suka fito. Mutanenmu kan ɗauki wannan a matsayin wahalar da mutane kawai, amma kai da ka karanci fannin ka san cewa akwai cututtukan wake, musamman masu sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya kanannaɗe, da ke ɓuya a cikin ƙwayar iri mai kyan gani, sannan ƙwarin da ke tsotson ganye su kwashe su su rarraba wa maƙwabta. Duk wanda ya ji labarin yadda cutar kuturtar gyaɗa ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa a 1975 ya san abin da annobar shuka ke iya yi wa ƙasa guda cikin damina ɗaya. Idan kuwa a cikin nau'o'in naka akwai wanda aka sa wa ƙwayar halitta daga wani jinsi, ko aka yi wa gyara a ƙwayoyin gadonsa, to maganar ta koma hannun hukumar NBMA mai sa ido kan halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado, wadda aka kafa da dokar 2015, kuma shuka shi ba da izininta ba laifi ne.

Amma bari in ajiye doka in yi maka magana irin ta manoma, domin a nan ne na fi jin tsoro. Waken da ya yi zarra a gonar gwajinku ya yi ta ne a ƙasar da ake ba shi ruwa a kan lokaci, ana yi masa feshi, yana tsaye shi kaɗai a kunya. A gonar mahaifinka zai shiga ne tsakanin gero ko dawa, a cikin jigawa mai rairayi, inda wuta-wuta ke jiransa a ƙarƙashin ƙasa, tsutsar da ke huda fure da kwanso kuma ke jiransa a sama. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka gwada shi da ita. Ita wuta-wutar ma iri-iri ce: wani wake na ƙasar Botswana da masana ke kira B301, wanda aka daɗe ana ɗaukar ƙarfin jure wuta-wuta daga jikinsa, ya tsaya mata a Najeriya da Nijar, amma wadda ke yankin Zakpota a Jamhuriyar Benin ta kayar da shi. Sannan ba ka faɗa mini ko nau'o'in naka sun daidaita ba. Wake yana yi wa kansa barbara, saboda haka irin da ya zauna ana iya ajiye shi a sake shukawa ya fito yadda yake. Amma wanda bai wuce zuriya ta biyu ko ta uku bayan aure ba, 'ya'yansa za su rarrabu, wani ya nuna da wuri, wani ya makara, wani ya yi yaɗo, wani ya tsaya, dattijo ya rasa ranar da zai kira masu roro.

Akwai kuma hukuncin da babu na'urar da ke yanke shi. Na taɓa tsayawa a kasuwar Dawanau ina kallon wani ɗan kasuwa yana sayen wake. Bai tambayi sunan iri ba. Ya cusa hannu can cikin buhu, ya ɗebo, ya baza a tafinsa, ya duba girman ƙwaya da haskenta, ya murza ɗaya da babban yatsa don ya ji kaushin fatar, sannan ya yi tayi. Kaushin nan shi ne abin da mai ƙosai ke nema, domin waken da fatarsa ke da santsi yana ba ta wahala wajen surfe. Mahaifinka kuma, in yana da tumaki da awaki, rabin lissafinsa yana kan harawa, wadda a tsakiyar rani takan zama kuɗi a hannu. Wake mai nuna da wuri sau da yawa gajere ne mara ganye, sai ka ga an samu ƙwaya an rasa abincin dabba, kuma manomi ba zai kira wannan ci gaba ba.

Kanannadon da Hajiya ta aiko yana da irin wannan matsala ta ɗaya gefen. Abin da ya shigo Amurka a jakar matafiyi a matsayin abinci ba shi da izinin shuka. Irin shuka yana da nasa izinin daga APHIS, sashen duba lafiyar dabbobi da tsirrai na ma'aikatar gonar Amurka, kuma shigar da wake mara takarda cikin ɗakin rainon tsirrai na jami'a yana iya gurɓata aikin abokan karatunka na shekaru. Ban da haka, kanannado wake ne mai lissafi da tsawon yini, ba ya fure sai rana ta fara gajarta wajen ƙarshen damina, don haka a dogon yinin bazarar Amurka ganye kawai zai yi ta zubawa. Irin wannan halin ne ya sa tun 1963 Amurkawa suka buɗe wani shiri na musamman tsakanin Texas da Puerto Rico don sauya dawar Afirka da ta Asiya ta iya fure a ƙasarsu.

Hanyar da ta dace tana nan a buɗe, kuma ba ta da tsada. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, tana riƙe da nau'o'in wake sama da 15,000 a rumbunta na adana iri, cikinsu har da na gargajiya da aka tattaro daga ƙauyukanmu, kuma tana aika wa masu bincike a ko'ina ƙarƙashin yarjejeniyar duniya kan irin amfanin gona da aka amince da ita a 2001. Wake da gero da dawa da masara suna cikin jerin amfanin gonar da yarjejeniyar ta sauƙaƙa musayarsu, amma gyaɗa da waken suya ba sa ciki. Malaminka ne zai rubuta buƙata da sunan jami'a, ya haɗa da izinin shigowa, irin ya zo a tsabtace da takardunsa. Kada ka ɗauka roƙo za ka yi. Waken da masana a jami'ar California da ke Riverside suka warware tsarin ƙwayoyin halittarsa suka wallafa a 2019, wanda yanzu duk mai nazarin wake a duniya ke dogaro da shi, shi ne IT97K-499-35 na IITA, wanda manomanmu suka sani da SAMPEA 10.

Haka nan nau'o'in naka za su iya zuwa gida ta ƙofar gaba. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922 kuma take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ce ke da alhakin inganta wake da dawa da masara da gyaɗa da auduga a Najeriya, IITA kuma tana da tasha a Kano da ta daɗe tana aikin wake. Ka nemi malaminka ya ƙulla yarjejeniya da ɗaya daga cikinsu, ko da sashenku na jami'ar gida, a gwada nau'o'in a tasha, a gwada a wurare daban-daban, a gwada a gonakin manoma, wanda ya ci jarrabawa a gabatar da shi ga kwamitin rajista da sakin sababbin iri da ke zama a NACGRAB, cibiyar adana irin shuka ta ƙasa, a Ibadan. Abin yana cin damina da yawa, ban musa ba. SAMPEA 20-T, waken nan mai jure tsutsar kwanso da IAR ta fitar tare da gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, da masanan Ostareliya, ya kwashe kusan shekara goma ana gwada shi a Samaru kafin a sake shi a 2019. Amma iri da ya bi wannan hanya zai isa gonaki dubbai da sunansa, kuma sunanka zai shiga cikin waɗanda suka samar da shi.

Wannan ya kawo mu ga batun aiki, kuma a ganina a nan ne amsar tambayoyinka uku ta haɗu. Idan bizarka F-1 ce, wato ta ɗalibai, kana da damar aikin horo na wata 12 da ake kira OPT, wanda za ka iya nema tun saura kwana 90 ka kammala, kuma ba a karɓar buƙata bayan kwana 60 da kammalawa. Idan lambar fanninka da ke kan takardar I-20 da jami'a ta ba ka don biza tana cikin jerin fannonin kimiyya, ana iya ƙara maka wata 24. Idan kuwa J-1 ce, wato ta musayar ɗalibai da masana, musamman in kuɗin gwamnati ne ya kawo ka, duba da kyau ko sharaɗin komawa gida na shekara biyu ya hau kanka. Dokokin biza da suka shafi 'yan Najeriya sun sha canzawa a 'yan shekarun nan, don haka kada ka sayi tikitin gida sai ka zauna da ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku sun tabbatar maka cewa za ka iya dawowa.

Ita kuwa yarjejeniyar da ka sa wa hannu, alkawari kaya ne, kuma ba kai kaɗai ka ɗauke shi ba: akwai waɗanda suka tsaya maka, wataƙila abokan aikinka ne masu iyali, waɗanda za a iya bi ta kan albashinsu in ka yi shiru ka ɓace. Ka rubuta wa shugaban sashenku da hukumar jami'a tun yanzu, kafin hutunka ya ƙare, ka haɗa da takardar tayin aikin, ka nemi ƙarin hutu na ƙayyadadden lokaci. Kada ka je musu hannu rabbana. Ka nuna musu abin da jami'ar za ta samu: gwajin nau'o'inka a gonar sashe, ɗalibi ko biyu da za ku duba tare da malaminka, da sunan jami'ar a kan abin da za a wallafa. In sun amince, ka samu shekara biyunka da mutuncinka. In sun ƙi, ko ka koma, ko ka zauna da su a lissafa abin da ake binka ka biya a rubuce. Zaɓi na uku, wato yin kunnen uwar shegu, shi ne zai rufe maka ƙofar Samaru da Kano, domin masu inganta iri a Arewa ba su da yawa, kuma duk sun san juna.

Game da damina mai zuwa, ka tura wa ƙaninka kuɗi ya nemi malamin gona na yankinku, su sayo ingantaccen iri mai nuna da wuri kuma mai jure wuta-wuta daga IAR ko daga dillalin da ke da rajista, a duba cewa jakar tana ɗauke da shaidar hukumar iri ta NASC. Ka roƙi Baba ya ware masa kunya goma kawai a gefen nasa na gado, ya kwatanta su da idonsa, kai kuma ka riƙa tambayarsa ta waya ranar da kowanne ya yi fure, da yawan harawarsa, da abin da matan gida suka ce bayan sun dafa. Ka rubuta amsoshin da kwanan wata, za su yi maka amfani ranar da za ka zaɓi nau'o'in da za a aika gwaji. Kanannadon Hajiya kuwa, ka jiƙa shi ranar Asabar ka yi alale, ka kira ta ka gaya mata ya iso lafiya.