Na sauya ABS, sikana kuma tana neman lambar tsaro

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah a taimaka min. Ni bakanike ne a Kano, kwastoma ya kawo min Golf 6 famfon ABS ɗinta (tsarin da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki) ya mutu, na sayo na Beljiyam na ɗaura, amma fitilar ABS da ta ESP (tsarin da ke hana mota zamewa) sun ƙi mutuwa, da na jona sikana (na'urar duba kwamfutar mota) kuma sai ta ce wai in sa lambar tsaro. Wace lamba ce wannan? Ko kayan ne ba kyau?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka yi saurin mayar da kayan, wataƙila lafiyarsa ƙalau, kawai dai har yanzu bayanan motar da aka ciro shi ne a kansa. A Golf 6 kodin ɗin ABS, wato bayanan saitin da ake rubuta wa kwakwalwar famfon, dogon layi ne na lambobi da haruffa, kuma har da wasu lambobin shasi na motar a ciki, shi ya sa na wata motar ba zai zauna a taka ba. In tsohon famfon yana amsa sikana, mayar da soket ɗinsa ka kwafi kodin ɗin, ka ɗauke shi hoto a waya ma, sannan ka rubuta a sabon, amma fa sai lambar kayan ta dace da ta tsohon.

Ita kuma lambar tsaro makulli ce da kamfani ya sa don kar kowa ya riƙa taɓa birki da sitiyari yadda ya ga dama. A VCDS, manhajar sikana ta motocin Volkswagen, lambobi 5 ne, wadda aka saba sawa wajen saita sensar sitiyari a waɗannan motocin ita ce 40168, ka miƙe tayoyi tukuna. Don Allah kar ka yi ta cankar lamba, in ka yi kuskure sau da yawa kwakwalwar za ta kulle ka, sai ka bar makulli a kunne ka zauna jira. Batir ma ka jona masa caja, wuta ta yi ƙasa ana tsakar rubutu ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Daga Golf 8 kuma wannan lambar ba ta aiki, Volkswagen sun kawo wani tsarin kulle mai suna SFD, sai da rajista da izini ta intanet ake buɗewa. Taka ba ta kai nan ba. Ka gama ka goge kurakuran da sikana ta nuna, ka fita da ita titi ka taka birki da kanka kafin mai ita ya ɗauki iyalinsa a ciki.